Pai ɗin da Ba Wanda Ya Yi Odarsa

Ƙafar hagu ta matata Herminda ake ƙoƙarin ceto a wannan labari. Na faɗa tun da wuri ne don kada wani ya ji ana zancen fulawa da lemun tsami ya gyara zama, ya ɗauka labarin daɗi zan ba shi. Ni kaina da nake kwana da ita gado ɗaya shekara arba'in da uku, ban san ƙafar tana cikin hatsari ba sai da na tafka wautar da har yau ake ba da labarinta a asibitin unguwarmu.

Wautar ta haruffa uku ce: p, i, e. A harshenmu in ka gan su a jere sai ka karanta "piye", wato ƙafa. To Turawan Ingilishin da suka yi zaman ciniki a nan Valparaíso, garinmu na bakin teku, zamanin kakanninmu sun tafi sun bar mana wata kalma tasu mai wannan rubutu sak, ita kuma "pai" ake kiranta: kwaɓin fulawa da bota da ake shimfiɗawa a faranti, a zuba wani abu a ciki, a gasa. Ba wanda ya damu ya canja mata rubutu. Shi ya sa kowane shagon burodi a garin nan yake da allo mai tallan ƙafar lemun tsami, kuma mutane suke wucewa ba mai ko murmushi.

Herminda ta zo garin nan tana da shekara goma sha biyar, daga wani ƙauye kusa da garin Cauquenes, da karatun aji uku a kanta da takalmin aro a ƙafarta. Aka kai ta aikatau gidan wata tsohuwa jikar Turawan nan a tudun Alegre, Misis Wini, wadda a nan aka haife ta amma har ta mutu tana zaman baƙunta, kamar gobe jirgi zai zo ya mai da ita gida. A satin farko matar ta rubuta abincin ranar Lahadi a allon kicin ta fita. Herminda ta tsaya ta harhaɗa baƙaƙen, ta karanta "ƙafar tuffa". Ta juya tuffar da ke kwando ɗaya bayan ɗaya tana neman inda ƙafarsu take. Da ta rasa, sai ta tsinke 'yan sandunan da ke kansu, ta tara a kofin shayi, ta kai wa uwar ɗakinta.

Misis Wini ba ta yi dariya ba, ba ta ma san hanyar gidan dariya ba. Ta ja yarinyar kicin, ta sa ta maimaita "pai" sau ashirin, sannan ta koya mata yadda ake murje bota a cikin fulawa da kan yatsu kawai, hannu a sanyaye. Ita ce ta gaya mata wai sunan daga wani tsuntsu aka samo shi, baƙi da fari, dangin hankaka, mai kwasar duk tarkacen da ya gani ya zuba a sheƙarsa, don mutanensu na da can haka suke tattara ragowar nama da ganye su rufe da fulawa su gasa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Herminda ta karɓa hannu biyu, kuma na ji wannan zancen tsuntsu ya fi sau dubu.

Abu ɗaya ne suka yi ta jayayya a kai har rabuwarsu. Tsohuwar ta ce abin da ba shi da murfin fulawa a sama bai cancanci sunan ba. Herminda kuwa na lemun tsami ta ƙware a kai, irin wanda mutanen garin nan ke so da shayin yamma: madara mai kauri ta gwangwani, gwaiduwar ƙwai, ruwan lemun tsami, sannan kumfar farin ƙwai da sukari a sama, tsiri-tsiri, wuta ta ɗan lashe kawunansu. Ta ce kumfar ita ce murfinsa, wanda bai yarda ba ya bar mata kayanta.

Ni a wurin aiki na gan ta. Shekara talatin da takwas ina jan lif ɗin tudu, ɗakin katakon nan da igiyar ƙarfe ke hawa da shi tana sauka, ina kai masu hali ƙofar gidajensu, alhali tudun da ni nake kwana ba shi da komai sai matakala ɗari da goma sha biyu. Herminda takan shigo da kwandon cefane, ta tsaya a tsakiya, ko da benci babu kowa. Ran nan na ce mata ta zauna mana, zaman ba na kuɗi ba ne. Ta ce in kula da igiyata. Bayan shekara biyu aka ɗaura mana aure, ta bar gidan Misis Wini da faranti huɗu na gasa pai da matar ta ba ta, ta hau matakalar nan tawa ba ta ko tsaya shan iska ba.

Daga wannan kicin namu ta ciyar da rabin bukukuwan unguwar. Baftisma, ranar haihuwa, zaman makoki, taron iyayen yara a makaranta, duk sai an hau wurin señora Herminda. Tsarinta bai taɓa canjawa ba. Duk wanda ya yi oda, a rubuta a guntuwar takarda, ta sa a aljihun rigar aikinta, da yamma ta soke a wata doguwar ƙusa da ke bakin ƙofa. Ba ta zama in tana aiki. Akwai kujera ɗaya a kicin ɗin, amma buhun fulawa ne ke zaune a kai, don ita ta haƙiƙance cewa kumfa ba za ta tashi ba in mai kaɗa ta yana zaune.

Kuma ba ta yafe wa kowa kuskuren sunan. In baƙo ya hawo yana haki ya ce a ba shi "piye" na lemun tsami, sai ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙafa tana cikin takalminka, ɗana. Me kake so?"

Ni ma ta sha yi mini a farkon aurenmu, har a gaban abokaina. 'Yarmu ɗaya, Ximena, da ke aure can arewa yanzu, sai da malamarta ta aiko kirana don yarinyar ta tashi a aji ta karanta cewa wani soja ya ji rauni a pai ɗinsa na dama. A gidanmu haruffan nan uku karatu ɗaya gare su. Ina faɗin wannan ne ba don in wanke kaina ba, sai don a san inda aka horar da ni.

Shekara tara da suka wuce aka ce tana da ciwon suga. Ta daina ɗanɗana abin da take gasawa, ta koma aunawa da hanci da ido, kuma ba wanda ya taɓa jin bambanci. Tana shan maganinta, tana sauka asibitin unguwa sau ɗaya a wata ta karɓo. Na san suga ne ya kashe mahaifiyarta a ƙauye, amma ba ta taɓa ba ni labarin yadda aka yi ba, ni ma ban tono ba.

A lokacin sanyin bara abubuwa suka fara canjawa, kaɗan-kaɗan. Ta fara kwana da safa mai kauri, ta ce sanyi. Ta daina wanka in ina kusa. Ta fara sauka matakala a karkace, tana riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, daga baya ta ce tunda na yi ritaya ina zaman banza, ni zan riƙa zuwa kasuwa da kai oda. Har daɗi na ji, wai an yarda da ni. Sai wani wari ya fara tashi a ɗakin kwana, mai ɗan zaƙi-zaƙi mara daɗi. Na ce magudanar ruwa ce, na kwashe yini guda ina zura waya a bututu, tana tsaye a kaina tana miƙo mini kayan aiki.

Ba zan ce hankalina a kwance yake ba. Nakan farka da safe da wani nauyi a ƙirji, in dube ta tana ɗaure gashi, in ji kamar akwai tambayar da ya kamata in yi. Amma na san Herminda. In na tambaya sosai za ta amsa, ni kuma amsar nake tsoro. Sai in tashi in je matsar lemun tsami.

Ran wata Litinin zazzaɓi ya kama ta. Ta ce mura ce. Talata ta yi aiki a haka, tana jingina da tebur. Ran Laraba da rana, abin da ban taɓa gani ba, ta bar kwaɓi a kwano ta je ta kwanta. Na ɗauki rigar aikinta zan rataye, na juye aljihun kamar yadda take yi don in soke takardun a ƙusa. Akwai odar wata mata mai bikin jika, akwai ta limamin cocinmu. Ta ukun ɗan farin kati ne, an rubuta da hannu: haruffan nan uku, sai "na masu suga", sai "Alhamis, takwas da rabi, asibitin unguwa, a nemi señorita Marlen".

Rubutun a fili yake, duk wani mai hankali a ƙasar nan zai karanta ƙafar mai ciwon suga, ranar duba ta. Ni kuwa na karanta pai na masu suga. Har na ce a raina ashe ma'aikatan asibiti ma sun san hannun matata. Dama mutane sun sha tambayarta ko tana yin wanda babu sukari, tana korarsu. Na ce wannan karon ta karɓa ne don kunyar masu ba ta magani, ga shi rashin lafiya zai sa ta saɓa alkawari. Sai na ɗaura rigar a ƙuguna.

Na sauka kantin magani na sayo ɗigon zaƙin nan na masu suga, na nemo madara marar sukari. Gindin fulawar ya yi kyau, don na daɗe ina kallon hannunta. Cikin ya ɗan yi ruwa. Kumfar ce ta wulaƙanta ni. Na kaɗa har kafaɗata ta mutu, ta tashi kamar abin kirki, ina sa ta a tanderu ta kwanta ta fara zubar da hawaye. Na zubar na sake, na sake zubarwa. Ƙwai tara na kashe.

"Tsoho, me kake ƙonawa?" in ji ta daga ɗaki, muryar can ƙasa.

"Oda ce. Ki kwanta abinki."

"Wace oda?"

"Na ce ki kwanta. Akwai maza a gidan."

Da lafiyarta ƙalau da tuni ta fito ta ƙwace cokalin. Shiru na ji. Wannan shirun ya tsorata ni, amma na danne, na ci gaba da kaɗa ƙwai.

Ran Alhamis na sa rigata mai kyau, na rufe farantin da ƙyalle, na sauka da shi a tafin hannu. Ɗakin jiran asibitin cike yake, yawanci tsofaffi, wasu da ƙafa a naɗe da bandeji an ɗora a kan benci. Na gan su da idona, amma ko a jikina. Aka nuna mini señorita Marlen, wata nas gajeriya mai tabarau.

"Baba, wa kake nema?"

"Ke. Ga odarki." Na yaye ƙyallen. "Kumfar ba ta tsaya sosai ba, amma laifin ɗigon zaƙin ne, ba nawa ba."

"Odata? Ni na yi oda?"

Na miƙa mata katin. Ta dubi katin, ta dubi farantin, ta sake duban katin. Sai ta fashe da dariya har tana dafa tebur.

"Ku zo ku gani! Yau an kawo mana ƙafa a faranti!"

Abokan aikinta suka fito, katin ya zaga hannu-hannu, ɗakin ya kaure. Wani tsoho mai bandeji ya ɗaga murya ya ce a yanko masa babban yanki, tunda tasa ƙafar ta gado ta ƙi warkewa. Ina tsaye da faranti a hannu, kunya ta rufe ni, sai a lokacin haruffan suka juye a idona na karanta su yadda aka koya mini a makaranta. Kafin in gama haɗiye wannan, Marlen ta juya bayan katin, inda aka rubuta suna. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Herminda Vilches matarka ce?"

"Matata ce."

"Tana ina?"

"Tana gida. Mura take yi."

"Da zazzaɓi?"

"Tun ran Litinin."

Ta karɓi farantin daga hannuna ta ajiye a kan wasu takardu, ta ja ni gefe.

"Baba, saurare ni da kyau. Wata biyu da suka wuce na ga rami a ƙarƙashin babban yatsanta na hagu, bai fi ƙwayar wake ba. Na ce ta dawo bayan kwana uku, ba ta dawo ba. Wannan kati na uku ke nan. Satin da ya wuce na tare ta a wurin karɓar magani, na ce ta cire takalmi, ta ce ta bar abu a wuta, ta gudu. Wannan zazzaɓin ba na mura ba ne. Motar asibiti ba ta hawa matakalarku, zan sa ta jira ku a ƙasa. Ka sauko mini da ita yanzu, ko tana so ko ba ta so."

"Za su yanke ne?"

"Ka je ka kawo ta tukuna."

Shekarata saba'in da ɗaya, gwiwoyina ba na kirki ba ne, amma ban san sa'ad da na hau matakalar nan ba. Abin da na sani kawai, a kowane taki ina jin warin nan a hancina, ina tuna kaina durƙushe a gaban bututu da waya a hannu. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Na same ta a kicin, a tsaye, tana matsa lemun tsami na odar limami, fuskarta jawur, gumi na bin wuyanta.

"Ina ka kai mini farantina? Kuma uban wa ya cinye mini ƙwai tara?"

"Cire safar."

"Giya ka sha da sassafen nan?"

"Herminda, cire safar, ko ni in cire."

"Taɓa ni ka gani, tsohon banza."

Na ajiye katin a kan tebur kusa da hannunta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dubi tanderu, ta dubi ɓawon ƙwan da ke cikin shara, ta dube ni.

"Gasawa ka yi? Ka kai musu?"

"Na kai."

"Shekara arba'in ina koya maka karatu," in ji ta, "sai yau ka iya shi har ya yi yawa." Ta so ta yi dariya, amma abin da ya fito ba dariya ba ce. "Ba ya ciwo, Nibaldo. Ko kaɗan. Ko allura ka soka ba zan ji ba. Abin da ba ya ciwo me za a je a nuna wa likita?"

"Innarki ma haka ta ce?"

Ta ajiye lemun da ke hannunta.

"Inna ta je asibiti da ƙafarta. Da yatsa ɗaya suka fara, suka ce shi ke nan. Bayan wata huɗu idon sawu. Kafin shekara gwiwa. Ni na je ƙauye na yi jinyarta, kai kana nan kana jan igiya, ba ka gani ba. Matar da ke noma da kanta, ta koma ana ɗaga ta ana ajiyewa kamar buhu. In suka fara ba sa tsayawa. Ni kuma in aka zaunar da ni, ban san ko wace ce ni ba."

Na sauke buhun fulawar daga kan kujera, na kama kafaɗunta na zaunar da ita, ba ta yi gardama ba, don ƙarfinta ya ƙare. Na durƙusa na zare silifa. Safa biyu ta sa, ta ciki ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya kama hanya, wani jan layi ya taso ya wuce idon sawu. Ita kanta ba ta duba ba, bango take kallo.

"Ni ma tsoro nake ji, tsohuwa," na ce. "Amma mota na ƙasa tana jira."

"Kashe tanderun. Ka rufe ruwan lemun nan, kada ƙuda su faɗa."

Na leƙa ta taga na ƙwala wa maƙwabcinmu Floridor kira, kafinta ne, ya zo da surukinsa. Suka ɗauke ta a kan kujerar, ɗaya gaba ɗaya baya, ni ina gefe ina riƙe da ƙafar a naɗe da tawul. Mutane suka fito ƙofofinsu.

"Señora Herminda, yau ke ce sarauniyar tudu," in ji Floridor yana nishi.

"Rufe baki ka dubi gabanka. In ka yar da ni, kai da pai sai a lahira."

"Ai nauyin nan duk bota ne."

"Botana ne ka ci shekara talatin, ga shaida nan a tumbinka."

Haka ta yi ta zaginsa har ƙasa, amma hannunta yana kan wuyan rigata, ta damƙe shi har maɓalli ya tsinke.

A babban asibiti suka sa mata ruwa da allurai, suka ɗauki hoton ƙafar. Da yamma wani likita matashi ya zo, ya zauna a bakin gadon, ya ciro biro daga aljihu. Ya ja layi a kan fatar, bayan yatsu biyu. Sannan ya matsa sama, ya ja wani a ƙasan gwiwa.

"Mama, da wannan layin na yatsu za mu fara yanka. In muka buɗe muka ga ya tsaya a nan, shi ke nan. In ya bi ƙashi ya hau, sai wannan na gwiwa. Ba za mu tashe ki mu tambaye ki ba, don haka duka biyun za ki sa wa hannu yanzu."

"In na ƙi fa?"

"In kin ƙi, ba maganar ƙafa za mu yi ba nan da sati."

Ta karɓi takardar. Na zaci ni za ta duba, amma ba ta dube ni ba. Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, da rubutun nan nata na 'yar aji uku.

Da safiyar Juma'a aka shiga da ita. Awa uku na yi a wani dogon baranda, na kasa zama, na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ximena na hanya a bas, tana kira kowane minti goma, ba ni da abin gaya mata. Duk ƙofar da ta motsa sai in waiwaya. Na yi addu'o'in da na manta rabinsu, na yi wa Allah alkawura da na san ba zan cika ba. Da likitan ya fito, ban jira ya yi magana ba, na nuna gwiwata da hannu. Ya girgiza kai, ya sunkuya ya taɓa kan takalminsa. Yatsu biyu da ɗan abin da ke bayansu. Na zauna daɓas a ƙasa, mutane na ratsa ni suna wucewa.

Bayan sati uku Floridor da surukinsa suka hau da ita. Floridor ya ƙera mata doguwar kujera daidai tsayin tebur, ta yi kwana huɗu tana harararta kafin ta hau. Kumfar ta tashi tsaf, kamar kullum, kuma wannan ya ɓata mata rai fiye da in da ta ƙi tashi. Ximena ta kawo shawara a canja rubutun allon ƙofa, wai mutanen Meziko p, a, y suke rubutawa don gudun irin abin da ya same ni. Herminda ta ce in mutanen Meziko sun haifi uban da bai iya karatu ba, matsalarsu ce. Allon na nan yadda yake.

Marlen ta ba ni aiki. Kowace safiya kafin a kunna tanderu, in zaunar da ita a bakin gado wajen hasken taga, in duba ƙafafun biyu, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Ta kuma ba ni wani ɗan zaren roba mai tauri, irin na fatsa, in riƙa dangwala shi a tafin ƙafa wuri-wuri, ita idonta a rufe, tana faɗa mini in ta ji. Ta hagu mun san ba ta jin komai. Ta dama muke gadi. Marlen ta ce ranar da ta dama ta fara yin shiru, in zo in gaya mata a ranar, kada in jira gobe.

Wata biyar muna yi lafiya. Ran Talatar da ta wuce na durƙusa kamar kullum, na ɗora ƙafar dama a cinyata, ta rufe ido.

"Nan?"

"Na ji."

"Nan fa?"

"Na ji."

"Nan?"

"Na ji. Yi sauri, tsoho, bota na narkewa."

Zaren ya suɓuce daga yatsuna ya faɗi a kan bargo. Ina lalubensa da hannu, bakina ya riga ni, don ya saba.

"Nan?"

"Na ji."

Na dubi hannuna, babu komai a ciki. Na dubi fuskarta, ta runtse ido gam, ta ɗan karkata kai, tana sauraron muryata da dukan ƙarfinta.

"Herminda," na ce, "ban taɓa ba."

Ba ta buɗe idon ba.

"Sauran ukun fa?" in ji ta a hankali. "Ka taɓa?"